Takardar Da Ta Ce Kabo Bai Iya Komai Ba

Saura kwana goma a kai Kabo gaban likita, yayansa Cha'ibu ya hana shi zuwa garka, wato lambunsa. Na san ranar domin dangar kara ɗaya ce ta raba gidana da nasu a Gaya, kuma duk abin da aka faɗa a tsakar gidansu a kunnena yake sauka. Sunana Badaru. A shekarar da ake ƙarasa gadar da za ta haɗa mu da Malanbil, ni ne mai fassara a asibitin gari, ina mayar da Hausa da Dandanci zuwa Faransanci.

Kabo yana da shekara goma sha tara. Allah ya yi shi da jinkirin fahimta. Ƙirgensa ba ya wuce yatsun hannu, kuma idan ka ba shi saƙo biyu a jere, na farkon ne kaɗai zai isa. Amma shi ke yin wankansa, shi ke wanke rigarsa, yana alwala ya shiga sahu. Garkar da ubansu marigayi Alfari ya bari a bakin kogi kuwa, wadda ta faɗo a rabonsa, hannunsa ne kaɗai ke taɓa ta. Shi ke jan jigo, shi ke gyara fangali, shi ya san albasar da ta ƙoshi da wadda ke neman ƙari. Cha'ibu ya gaji gida da jirgin fito, kuma aka ba shi riƙon garkar har ƙanensa ya girma.

Gwaggonsu Ajuma, ƙanwar ubansu da ke aure a Tanda, ita ta je wurin alƙali ta ce yaro ya girma, a miƙa masa abinsa. Alƙali ya ce shari'a ta yi umarni a jarraba maraya tukuna, a ga ko zai iya riƙe kansa. Tunda kuma maganar hankali ce, kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ba ya karɓar hukunci sai da takardar likita. Aka sa ranar Talata ta sama.

Da safiyar ranar da aka hana shi, Kabo ya fito da fartanya a kafaɗa.

"Ajiye ta," in ji Cha'ibu.

"Yaya, albasa na jin ƙishi."

"Zo ka zauna nan kusa da ni. Ka tuna Siddo ɗan maƙera, wanda aka ɗauka soja?"

"Wanda bai dawo ba?"

"Shi. Ka san yadda aka yi aka ɗauke shi? Likita ne ya yi masa tambayoyi, ya amsa duka. Sai suka ce wannan mai wayo ne, suka jefa shi a kamyo, babbar motarsu. To, kai ma likita na nemanka. In ya ga ka iya abu, tafiya za su yi da kai, ƙetaren teku. Ba garka, ba Gaya, ba ni."

Na ji numfashin Kabo ya canza. "Ba na zuwa, Yaya. Ka hana su."

"Zan hana su, amma sai ka taimake ni. Kome ya tambaye ka, ka ce ba ka sani ba. Kome ya ba ka ka yi, ka bar shi ya faɗi. Kuma daga yau ba fita, kar 'yan leƙen asirinsa su gan ka kana aiki. Ka ji?"

"Na ji. Albasa fa?"

"Ni zan shayar da ita."

Bai shayar ba. Da la'asar na bi ta wurin, jigo na nan a rataye yadda Kabo ya bar shi jiya.

Kashegari Cha'ibu ya sa matarsa Ladi ta kwashe rigunan Kabo biyu da wandonsa na Juma'a, aka ba shi wani tsohon buhu da aka huda wa wuya. A rana ta uku aka hana shi ruwan wanka. Na ji yana roƙo.

"Yaya Ladi, jikina na ƙaiƙayi. Moɗa ɗaya kawai."

"Yayanka ya hana. Ka yi haƙuri, kwana nawa ne? Ni ma ba son raina ba ne."

"To, alwala?"

Ta ce, "Allah ya san halin da kake ciki, Kabo. Irinku ba a tambayarsu salla."

Ba a taɓa gaya masa haka ba. Tun yana yaro ubansa ke riƙe hannunsa zuwa masallaci. Ya maimaita kalmar sau biyu, "irinmu, irinmu," kamar yana son ya gane ko su wane ne.

A rana ta huɗu, da aka fito sallar asuba, ya sulale. Hantsi bai yi ba na ga Cha'ibu ya dawo da shi, riƙe da wuyan buhun, ƙafafun Kabo duk laka.

"Fangali uku kawai na ba, Yaya. Ba wanda ya gan ni. Sauran sun kwanta, ganyen ya yi rawaya. Ka ce kai za ka shayar."

"So kake su kama ka? So kake ka mutu a ƙasar da ba mai yi maka salla?"

Aka sa shi a ɗakin awaki, aka ɗaure ƙyaure da igiya ta waje. Abinci ta ƙarƙashin ƙyaure ake tura masa. Kwana biyu yana kiran sunan yayansa, ba da fushi ba, da irin muryar mai tuna wa mutum abin da ya manta. Kowace yamma Cha'ibu na shiga ya yi masa bita.

"Mene ne sunanka?"

"Kabo."

Sai in ji ƙarar mari. "Me na ce maka?"

"Ban sani ba."

"Ina gidanku?"

"Ban sani ba."

"Yawwa, ɗan'uwana. Haka za ka tsira."

A rana ta shida na tare Cha'ibu a mashigi, yana jiran masu fito. Na ce masa abin da nake ji ta danga bai yi mini daɗi ba. Bai musa ba. Ya nuna mini ƙafafun gadar da suka miƙe a cikin ruwa.

"Malam Badaru, dubi can. Ranar da aka buɗe wancan abu, wa zai sake shiga jirgina? Baki goma sha ɗaya ke ci a gidana, har da nasa. Hanyar mota ta gefen garkar nan za ta bi. In na gina mangaza a wurin, ɗakin ajiyar kaya, 'yan kasuwa su riƙa sauke kaya, kowa ya ci. In na bar masa, me zai yi? Albasa. Wani mai wayo ya zo ya ba shi goro biyu ya sa ya dangwala hannu, shi ke nan ta tafi. Ni da wani, wa ya fi cancanta?"

"To, ka gaya wa alƙali haka mana. Ka bar yaro ya fito."

"Gwaggo ba za ta yarda ba. Ita tana Tanda, ba ita ke ciyar da shi ba, tausayin baki ne kawai. Kuma ai ba ƙarya zan yi ba. Kai ma ka san Kabo ba cikakke ba ne. Nuna wa likita kawai zan yi yadda zai gane da sauri." Ya dafa kafaɗata. "Uwata da taka tare suka yi 'yanmatanci. Ranar Talata kai dai ka yi fassararka."

Na ce Allah ya kyauta, na tafi. Na gaya wa kaina cewa magana ce ta 'yan'uwa, kuma likita mai ilimi ne, zai gani da idonsa.

Daga rana ta bakwai Kabo ya daina kira. Awaki kaɗai nake ji.

Ranar Talata da hantsi suka zo asibiti. Da ban san shi ba, da ban gane shi ba. Gashi ya cukurkuɗe da ƙaiƙayi, idanu sun faɗa, warin awaki ya riga shi shiga ɗaki. Cha'ibu na jan shi da hannu, Ladi na biye. Gwaggo Ajuma ba ta zo ba. Daga baya na ji cewa Cha'ibu ya aika mata an ɗaga ranar zuwa Alhamis.

Likitan saurayi ne ɗan Dahome, bai fi wata huɗu a Gaya ba. Mutum ne mai natsuwa. Ya sa aka ba Kabo kujera, amma Kabo ya durƙusa a ƙasa. Likita ya buɗe takarda mai layuka, ya ce in gaya musu ba karatu ko lissafi zai tambaya ba. So yake ya san abin da yaron ke iya yi wa kansa a kullum, kuma zai fara da mutanen gida domin su ke zaune da shi.

"Yana wanka da kansa?"

Na fassara. Ladi ta dubi mijinta. "Sai an yi masa."

"Yana sa tufafi?"

"In an ba shi riga yayyaga ta yake," in ji Cha'ibu. "Shi ya sa ka gan shi haka."

"Yana fita ya dawo gida shi kaɗai? Ana aikensa? Ana barinsa kusa da wuta? Yana wani aiki da hannunsa?"

A'a, a'a, a'a. Kowace a'a ta bi ta bakina ta zama Faransanci, likita ya ja ɗan layi a gefen takarda.

Sannan ya durƙusa daidai da Kabo, ya yi masa murmushi.

"Mene ne sunanka?"

"Ban sani ba."

"Wannan da ya kawo ka, wane ne?"

Kabo ya ɗaga ido ya dubi yayansa. Leɓensa ya motsa. "Ban sani ba."

Likita ya ba shi riga mai maɓalli uku. Kabo ya riƙe ta, ya bar ta ta zame. Likita ya ba shi buta da moɗa ya ce ya zuba ruwa. Mutumin da ke raba ruwan jigo fangali ashirin ba tare da ya karya kunya ɗaya ba, ya kwarara ruwan a ƙasa. Likita ya ba shi igiya ya ce ya ɗaure ƙafar kujera. Yatsun Kabo suka fara aiki da kansu, har ƙulli ya soma fitowa. Cha'ibu ya yi gyaran murya. Kabo ya saki igiyar kamar ta ƙone shi.

Likita ya kama hannun, ya juya tafin, ya daɗe yana shafa kantar da ke ciki.

"Wannan hannun mai aiki ne," ya ce.

"Tonon ƙasa yake yi," in ji Cha'ibu da na fassara. "Yini yake yana ƙwaƙular bango da duwatsu."

Likita bai gamsu ba, na gani a fuskarsa. Ya juyo wurina, ya yi magana ƙasa-ƙasa da Faransanci, harshen da ba mai ji a ɗakin sai ni da shi.

"Kai ɗan garin nan ne. Ka san yaron?"

"Maƙwabcina ne."

"Abin da suke faɗa, haka yake?"

Ba wanda zai san me na amsa. Cha'ibu ba ya jin ko kalma ɗaya. Duk da haka na ji idonsa a wuyana, na tuna gobe ma da shi zan haɗu a ƙofar gida, da jibi, da ranar suna, da ranar jana'iza.

Na ce, "Kullum ina nan wurin aiki, Likita. Ban cika ganinsa ba."

Ya dube ni na ɗan lokaci. A waje mutum fiye da talatin na jiran allura. Ya zauna ya rubuta cewa yaron ba ya iya kula da jikinsa, ba ya gane danginsa, ba ya iya wani aiki, kuma yana bukatar mai riƙo har iyakar rayuwarsa. Ya buga hatimi.

A bakin ƙofa Kabo ya riƙe hannun rigar yayansa. "Na yi daidai, Yaya? Ba za su tafi da ni ba?"

"Ka yi daidai. Ka tsira."

Ya yi dariya har haƙoransa suka fito. "To, in je garka?"

"Gobe."

Da yammar nan aka ba shi ruwa da sabulu da rigarsa. Ina jin shi yana waƙa a makewayi.

Da sassafe ya ruga bakin kogi. Na bi bayansa, ban san dalili ba. An riga an kwance shingen ƙaya. An cire jigo an jingine shi a gindin mangwaro. Magina uku na haƙa rami a tsakiyar fangulan, suna watsa busasshiyar albasa gefe tare da ƙasa. Kabo ya tsaya, ya tsuguna ya ɗauki ƙwaya ɗaya da ba ta kai girman goro ba, ya share ta da rigarsa.

"Ku bari. Ku bari! Ta Baba ce. Tawa ce."

Babban maginin ya ce, "Mu dai maigidanka ya sa mu. Ga shi can, tambaye shi."

Cha'ibu ya iso da tulu biyu da sandar ɗauka. "Ɗaki za mu gina, Kabo, babba, namu ni da kai. Kai za ka riƙa kawo musu ruwa, ka taka musu ƙasa. Ba wanda ya kai ka sanin hanyar ruwa a nan."

"Ka ce za ka shayar."

"Ta mutu, ai ka gani. Ɗauki tulu."

"Yaya, likita ya tafi? Soja fa?"

Ɗaya daga cikin maginan ya tuntsire da dariya. "Wane soja? Wa ke ɗaukar soja a asibiti ranar allura? An yi maka wayo, yaro."

Kabo ya juya ya dubi yayansa. Ya daɗe yana dubansa, irin daɗewar da yake yi idan magana na neman wurin zama a kansa. Cha'ibu ya kau da kai yana ba magina umarni. Da maganar ta zauna, Kabo bai yi kuka ba. Ya ce, a hankali, "Ka mare ni don in ce ban san sunana ba."

Magina suka ci gaba da haƙa.

Ranar Alhamis Gwaggo Ajuma ta iso daga Tanda a kan jaki, ta tarar an gama komai. Ta sami Kabo cikin ramin laka har gwiwa. Ba ta shiga gidan Cha'ibu ba, ko ruwa ba ta sha ba. Ta kama hannun yaron, da lakarsa da komai, sai zauren alƙali. Aka aika a kira Cha'ibu, aka kira ni ma domin in karanta kwafin takardar likita da ke hannun alƙali.

Na karanta, na fassara layi bayan layi. Gwaggo ta ce, "Allah gafarta Malam, ƙarya ce. Ga shi nan, a tambaye shi."

Kabo bai jira tambaya ba. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba.

"Sunana Kabo ɗan Alfari. Wannan yayana ne Cha'ibu. Gidanmu na bayan masallacin masunta. Ina wanka, ina wanki, ina salla. Albasa, in ganye ya kwanta da safe, ruwa take so. In ya kwanta da rana, zafi ne kawai, a bar ta. Tumatir ba ya son ruwa a ka, sai a gindi. Yaya ya ce in na faɗa za a kai ni soja. Ya rufe ni da awaki. A ba ni igiya in ɗaure, a ba ni riga in sa."

Alƙali ya sunkuyar da kai yana shafa gemu. Na ga ya yarda da shi, kowa a wurin ya yarda da shi.

"Baiwar Allah," ya ce wa Gwaggo, "takarda ta riga ta wuce hannun kumandan, an aika babban ofis a Dosso jiya. Kuma wanda likita ya rubuta ba shi da hankali, ba ni da ikon karɓar shaidarsa, ko a kan kansa. Sai dai in akwai wani baligi mai hankali da zai shaida an yi algus a wurin gwajin. In an samu, in rubuta a sake."

Ya dubi mutanen da ke zaune. Rabinsu sun ci albasar Kabo. Wani ya duƙa yana gyara takalmi, wani ya tuna ana jiransa a kasuwa.

Kabo ya juyo gare ni. Fuskarsa ta saki, kamar wanda ya hango ɗan garinsu a baƙon wuri.

"Malam Badaru ya sani. Yana jina ta danga. Malam Badaru, gaya musu."

Alƙali ya ce, "Kana wurin ranar Talata?"

"Ina wurin."

"Likita ya tambaye ka wani abu game da yaron?"

Idan na ce e, to na amsa da bakina cewa na ɓoye wa likita gaskiya, kuma mai fassarar da aka kama da haka ba ya kwana a bakin aikinsa. Ina da mata da 'ya'ya huɗu. Na ji kaina ina lissafa su, kamar yadda Cha'ibu ya lissafa mini bakunan gidansa a mashigi.

"Allah gafarta Malam, ni fassara kawai na yi."

Kabo ya ci gaba da kallona, yana jiran sauran maganar. Babu saura.

Gwaggo Ajuma ta nemi a ba ta shi ta tafi da shi Tanda, ko da ba garka. Cha'ibu ya ce takarda ta ɗora masa riƙo, ba zai yar da amanar ubansa ba, mutane za su zage shi. Alƙali ya ce haka ne, mai riƙo shi ke da cewa. Ta tsaya a ƙofar zaure ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ɗan'uwana Alfari ya yi zaton a cikin mutane ya bar ɗansa." Ta hau jakinta ita kaɗai.

Kafin damina aka gama mangaza. Kabo ya ɗebo ruwan kowane tubali da ke jikinta. Da aka buɗe gada, shi ke sauke buhuna daga kamyo, shi ke jera su, shi ke sharewa, shi ke gane buhun da ruwa ya taɓa tun kafin a kwance. Cha'ibu kan yi alfahari da shi a gaban baƙi, ya ce ƙanensa ya fi lebura uku. An mayar da likitan wani gari a shekarar, bai taɓa sanin abin da ya sa wa hatimi ba.

Kowa a cikinmu ya sami abin da zai gaya wa kansa. Ladi ta ce ita matar aure ce, umarni ta bi. Alƙali ya ce takarda ta ɗaure masa hannu. Magina suka ce aiki aka ba su. Cha'ibu har ya tsufa yana cewa ba don shi ba da yaron ya lalace. An tara mu ne don a auna ko Kabo ya iya wanka, ko ya san hanyar gida, ko za a iya ba shi amana. Duk ya iya. Mu da muka auna shi, ba wanda ya zo da takarda mai layuka ya tambaye mu komai.

Shekara ashirin da shida muka ƙara yi muna maƙwabtaka kafin ciwon ƙirji ya ɗauke Kabo. A duk tsawon nan bai zage ni ba, bai fasa gaishe ni ba. Abu ɗaya ne ya canza. Idan muka haɗu a masallaci na tsaya kusa da shi, sai ya fita daga sahun a hankali, ya koma na baya.